Ranar da Verna Ta Ce a Ɗora

A gidan rediyonmu na garin Halvern, ko mai gidan rediyon bai isa ya sabunta kwamfuta ba sai Verna Kucera ta yarda. Ba a rubuta haka a ko'ina ba, amma kowa ya sani. In saƙo ya faɗo a allo cewa sabuwar manhaja ta fito, sai ka janye hannunka, ka leƙa ɗakin baya ka ce, "Verna, ga baƙinki sun zo." Ita kuwa ko ɗago kai ba ta yi take cewa, "Ce musu ba na nan."

Ni ce Twila, mai karanta farashin shanu da masara da tsakar rana. Na fi shekara ashirin teburina na kallon ƙofar ɗakinta, don haka yawancin abin da zan faɗa a gabana aka yi.

Verna 'yar mai gyaran rediyo da talabijin ce. Cikin 'ya'yan tsoho Ladik mata huɗu, ita kaɗai ke jure warin dalma, shi ya sa ita yake ɗauka a akori-kura in za shi gidajen masu kiwo can cikin tuddan yashi. Shi yana ƙasa yana kallon hoto, ita tana kan rufi tana juya eriya, yana kwala mata, "Ƙara kaɗan! Tsaya! Kin wuce!" Ta girma ta auri Emil direban motar 'yan makaranta, suka haifi biyu. Da zamani ya juya, talabijin ta zama abin da in ta lalace yarwa ake yi, shagon Ladik ya mutu. Verna ba ta tsaya makoki ba. Ta shiga kwas ɗin kwamfuta a wata kwaleji mai nisa, tana tuƙa kanta ta je ta dawo, har ta gama. A shekarar Gaylen Pruitt, mai gidan rediyon, ya ɗauke ta aiki.

Tasharmu ƙarama ce, amma a nan yammacin jihar Nebraska akwai kwaruruwan da waya ba ta kamawa, mu kaɗai muke isa can. Mu ke faɗin yanayi, da wanda ya rasu, da wanda karensa ya ɓata, da wasan 'yan makaranta. Duk wannan kwamfutoci ne ke ɗauke da shi, kowace kwamfuta kuma tana da babbar manhaja wadda sauran abubuwa ke zaune a kanta. In aka sauya ta, komai na iya girgiza: sauti, firinta, har agogo. Kamfanin da ke yin ta kan fitar da sabuwa lokaci-lokaci, kullum kuma cewa suke wannan ta fi duk na baya. Aikin Verna shi ne ta gane ko gaskiya suka faɗa.

Ba da wannan wayon ta fara ba. Farkon zuwanta mai ɗokin sabon abu ce. Wata sabuwa ta fito ranar Talata, kafin Alhamis ta ɗora ta a kan kowace na'ura a gidan. Ranar Asabar 'yan matan makarantarmu suka buga wasan ƙarshe na ƙwallon kwando na jiha, abin da garin bai taɓa gani ba. Wanda bai samu zuwa ba yana manne da rediyo. Ana cikin zagaye na uku, muna bayansu da kaɗan, sai sauti ya ɗauke ɗif. Tsofaffi suka yi ta dukan rediyon motocinsu. Kafin Verna ta dawo da mu, an tashi wasa, yaran sun ci, kuma ta wayar tarho garin ya ji.

Ranar Litinin ta shiga gidan shan kofi, kowa ya juyo yana kallonta. Sai wani tsohon makiyayi ya ce, "Verna, don Allah wa ya ci ne? Har yanzu ina jira."

Ta ja kujera ta zauna kusa da shi ta ce, "Mu muka ci, baba. Ni kaɗai aka lallasa." Aka fashe da dariya. Shekaru aka yi ana mata wannan tambayar, ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba.

Sai dai wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake. Daga nan ta ƙi sabon abu ƙememe. Sababbi suka yi ta fitowa tana kau da kai, har kamfanin ya daina aiko wa tsohuwar tamu faci, wato 'yan gyare-gyaren da ake toshe ɓaraka da su. Wata safiya muka iske ɓarayin intanet sun shigo ta irin wannan ɓarakar sun kulle komai, waƙoƙi da tallace-tallace da labarai, suna neman fansa. Ba a ba su ba. Verna na da kwafi a ajiye, amma ba na komai ba, muka kwashe kwanaki muna sa tsofaffin faifai, ana karanta talla da baki. Wannan ya fi na farkon yi mata ciwo. Ta ce da ni, "Twila, wancan karon sauri na yi, wannan karon barci na yi. Duka biyun kuma ban duba komai ba, tsoro da ɗoki kawai na bi."

Tun daga nan ta samo hanyarta. Ta ajiye wata tsohuwar kwamfuta a ɗakin baya ta sa mata suna Akuya, don ita ake fara miƙawa kamar akuyar yanka. Duk sabuwar da ta fito, a kan Akuya take sauka. Verna za ta yi ta aikinta na yau da kullum a kanta, tana gallaza mata: ta zare wuta ana tsakiyar aiki, ta bar ta ta yi barci ta tashe ta, ta jona mata firintar da ta fi kowacce tsufa a gidan. In Akuya ta jure, sai ta kira Gaylen ta zaunar da shi a gabanta.

"Me zan yi?" in ji shi.

"Abin da ka saba, oga. Danna duk inda bai kamata ba."

Tana kuma bin wani dandali inda masu irin aikinta a ƙananan tashoshi ke kai kukansu. Ba ta damu da mai yawan ihu ba. Abin da take nema shi ne ko mutanen da ba su san juna ba suna kuka da abu ɗaya, da kuma ko kukan na raguwa bayan an aiko da faci. Sannan ba ta taɓa komai lokacin haihuwar shanu, ko lokacin guguwa, ko in wasa ya kai ƙarshe. Kuma ba ta shiga sabuwa sai ta tabbatar akwai hanyar komawa tsohuwa.

Haka muka yi shekaru lafiya lau, har maganar Orval ta taso.

Orval Dietz shi ne muryar safiya. Tun ina 'yar firamare nake jin sa, uwata na soya ƙwai yana faɗin yadda sanyin ranar zai kasance. Mutum ne mai baki, mai tsokana, mai girman kai irin na wanda ya iya aikinsa. Ciwon sukari ya riƙa cin idonsa a hankali. Da farko ya ƙara wa rubutu girma, daga baya ya koma riƙe gilashin ƙara gani, daga baya kuma ni nake zuwa da wuri in karanta masa sanarwoyi ya haddace. Yana da kai, amma kai ma yana gajiya. Wata safiya a farkon kaka yana sanarwar rasuwa, 'yan uwa biyu ne tsofaffi, ɗaya ya rasu, sai ya ambaci sunan mai rai a madadin mamacin. Ba a jima ba waya ta yi ƙara.

"Orval, ni ne. Ina nan da raina, ga kofi ma a hannuna. Amma tunda ka kashe ni, faɗa mini ƙarfe nawa ne jana'izar, in sa kwat."

Garin ya yi dariya har ya gaji. Orval bai yi ba. Ya shiga ofishin Gaylen ya ce daga sabuwar shekara ya ajiye aiki, ba zai tsaya ya zama abin dariya ba.

A wannan kakar ce sabuwar babbar manhaja ta fito. Jikar Orval ta zo hutu da kwamfutarta, ta nuna masa wani abu a ciki: murya mai karanta duk abin da ke allo, a sarari, da sauri ko a hankali yadda mutum ya so. Tsohuwar tamu ma tana da irinta, amma tana in'ina, tana tsallake layi, ba a iya dogara da ita ana kan iska. Washegari na ga abin da ban taɓa gani ba. Orval ya lalubi bango har ɗakin Verna, ya tsaya a bakin ƙofa da hularsa a hannu.

"Uwar Akuya, kina ciki?"

"Ina ciki, tsoho. Wa ka kashe yau?"

"Bar wasa. Na ji wani abu jiya. In kika sa mini shi a kunne, ba na bukatar idon kowa." Ya juya hular a hannunsa. "Ban taɓa roƙon ki komai ba, Verna."

"Ka roƙe ni burodin kirfa jiya."

"Wannan ƙwace na yi, ba roƙo ba."

Ta ce masa ta san abin da yake nufi, ta riga ta ɗora wa Akuya, amma ya ba ta lokaci. Gaylen kuwa da ya ji akwai abin da zai hana Orval tafiya, sai ya taso mata haiƙan, yana cewa a ɗora yau, me ake jira, ai kamfanin ba yara ba ne.

Verna ba ta yi musu da kowa ba. Ta kashe allon Akuya, ta juya shi ya kalli bango, ta sa abin sauraro a kunne, ta riƙa yin aikinta duka da kunne kawai. Na sha jin ta tana zagin na'urar ƙasa-ƙasa da yaren kakanninta. Bayan kamar mako guda ta kira su biyun, ni ma na bi su.

Ta ce, "Oga, shiga akwatin saƙonninka a nan." Ya shiga. Ta sa wa Orval abin sauraro, muryar ta karanta masa a kunne, mu ba mu ji komai ba. Fuskar Orval ta washe kamar yaron da aka ba alewa. Sai Verna ta ce, "To, yanzu a ɗauka ka tashi shan kofi." Ta bar Akuya ta yi barci, ta tashe ta, ta danna. Sai ga murya ta fito ta babbar lasifika, raɗau, tana cewa likita ya ce Mista Pruitt ya rage naman alade da giya, kuma ya dawo a sake duba basir ɗinsa.

Gaylen ya yi tsalle yana neman abin kashewa. Orval ya riƙe ciki don dariya, hawaye na zuba.

Verna ta ce, "In ta farka daga barci, sai ta rikita hanyar kunne da hanyar fita. Da a ɗakin watsa shiri muke, da yanzu duk gundumar ta san halin da kake ciki."

"Na ji, na ji," in ji Gaylen. "Kada ki ɗora. Kuma ke Twila, in na ji wannan a gari, na san bakin wa."

Verna ta rubuta wa kamfanin abin da ta gani, ta kuma sa a dandali. Wasu daga wurare masu nisa suka ce su ma sun gani. Ana jiran gyara, ta sa Orval ya riƙa zuwa kullum bayan azahar yana koyo a kan Akuya, yana ji da kunne yana maimaitawa da baki a lokaci guda, wanda ba ƙaramin aiki ba ne. Da farko yana sarƙewa, yana zagin muryar yana ce mata sarkin surutu. Kafin sanyi ya kankama ya iya, har yana ƙara mata sauri.

Facin farko ya zo. Ya gyara maganar sauti, amma ya kashe firinta, kuma Akuya ta sandare sau biyu ba dalili. Verna ta ce ba yanzu ba. A nan Orval ya fusata.

"Firinta! Ina ruwan makaho da firinta? Sabuwar shekara ta kusa, ke kina nan kina kiwon akuya. Ko so kike in tafi?"

"Ba firintar ce ta dame ni ba," in ji ta. "Sandarewar ce. In ta sandare maka kana tsakiyar sanarwar guguwa, me za ka ce wa mutane? Ka riga ka ji kunya sau ɗaya, Orval. Ba da hannuna za a yi ta biyu ba."

Ya juya ya fita, ya yi kwanaki ba ya tsokanar ta, wanda a wurinsa shi ne babban fushi. Ita kuwa ko a jikinta. Ta ci gaba da ajiye masa burodin kirfa a gefen makirfo.

Faci na biyu ya zo a farkon Disamba. Ta sake bi ta kan Akuya da duk muguntar da ta iya. Ta zare wuta, ta sa ta barci ta tashe ta har ta gaji, ta bar ta tana sa waƙa ba tsayawa, ta zaunar da Gaylen. Akuya ko gezau. Wata rana da hantsi na same ta tana karanta dandali tana murmushi, na tambaye ta lafiya.

"Zo ki gani. Wannan yana kuka an sauya launin maɓalli. Wannan kuma ba ya son sabon hoton allo. In kika ga mutane sun koma faɗa a kan launi, to manyan matsaloli sun ƙare."

Ta miƙe ta nufi ofishin Gaylen, na bi ta da kofina. Ta ce, "Oga, ta nuna. A ɗora."

Abin mamaki, sai ga Gaylen yana ja da baya. Tun ranar lasifika tsoro ya kama shi. Ya ce ga sanyi ya shigo, dusar ƙanƙara na hanya, lokacin da aka fi bukatar mu ke nan, me zai hana a bari sai bazara? Ai ita ce kullum mai cewa sannu ba ta hana zuwa.

"Ba ta hana zuwa, amma in aka bari sai bazara babu Orval," in ji Verna. "Ba jira ne aikina ba, dubawa ne, kuma na duba. Ta Orval da ta ɗakin labarai zan ɗora wa. Wadda ke fitar da mu kan iska ba zan taɓa ta ba sai an gama wasanni. In wani abu ya faru, tsohuwar na nan a ajiye, kafin ka gama kofin nan na mayar da ita."

"Kin tabbata?"

"Da ban tabbata ba, da ka gan ni a nan?"

Ranar Talata, bayan shirin safe, da rana tsaka kowa na nan, ta ɗora. Ba ta ko rufe ƙofa ba. Washegari Orval ya zauna gaban makirfo da abin sauraro a kunne, ba takarda ko ɗaya a gabansa. Na tsaya bayan gilashi na zuba masa ido. Verna kuwa tana tsaye tana cin tuffa. Ya karanta yanayi, ya karanta sanarwoyi, ba tuntuɓe. Muryar ba ta iya sunayen mutanenmu ba, tana murɗe su yadda ta ga dama, amma Orval ya san kowa da kakansa, yana ji yana gyarawa kafin ya furta. Da aka shiga talla ya cire abin kunnen ya ce, "Ke Verna, wannan abokin naki ya ce sunanki Kusira."

"Ai kai ma shekara nawa ka yi kana faɗinsa ba daidai ba."

Bai sake maganar ajiye aiki ba, Gaylen ma bai tuna masa ba.

A watan Janairu aka yi dusar da ta rufe hanyoyi duka. Ni ina gida can bayan gari, ko ƙofar gareji ban iya buɗewa ba. Gaylen ma haka. Verna ta taka da ƙafa, ta biya ta gidan Orval da ke kusa da tashar, ta riƙo hannunsa suka shigo. Su biyu suka riƙe gidan rediyon yinin nan. Ita tana fama da janareta tana leƙa eriya, shi yana gaban makirfo, saƙonni na shigowa muryar na zuba masa a kunne yana faɗa wa jama'a: makarantun da aka rufe, hanyar da ba ta biyuwa, wanda shanunsa suka ɓalle, wanda ke da wurin kwana ga matafiyin da ya maƙale. Wata mata ta aiko cewa tukunyar iskar da mijinta ke numfashi da ita ta kusa ƙarewa, kuma motar asibiti ba ta iya isowa. Orval ya karanta, ya kwatanta gidan da bakinsa, daga gadar ƙarfe a yi hagu. Mai motar ture dusa yana jin mu, ya juya ya buɗe musu hanya. Ina zaune a kicin ina ji, ban san lokacin da na fara tafi ni kaɗai ba.

Da la'asar iska ta lafa. Emil mijin Verna ya iso da tukunyar miyar wake da nama mai yaji, shi ne ya ba ni labarin sauran. Ya ce ya same su zaune a ɗakin baya, Orval murya ta dishe, Verna safarta na bushewa a kan hita. Suka ci suka ƙoshi. Can Orval ya ajiye cokali ya ce, "Kin dai ɓata mini lokaci da yawa."

"Na ɓata."

"Amma ba ta sandare ba."

"Na sani. Miƙo gishiri."

Orval ya ƙara shekara uku yana shirin safe, sannan ya sauka don kansa, lokacin da ƙafafunsa suka fara ba shi wahala. Verna ta sabunta babbar na'urar da ke fitar da mu kan iska a watan Afrilun da ya biyo bayan dusar nan, ranar wata Laraba, kuma ba wanda ya lura a gari. Har yanzu tana aiki kwana uku a mako, sauran kwanakin tana kai jikokinta koyon iyo.